Yadda za ka auna zuciyar masu sauraro a kafafen sada zumunta: jagora ga gidajen watsa labarai da masu talla

Duk wanda ya taɓa zama a taron safiya na gidan rediyo ko talabijin ya san wannan magana: "Jiya mutane sun yi ca a kan shirinmu." Mai faɗin haka yakan ɗaga waya ya nuna tsokaci huɗu ko biyar, galibi waɗanda suka fi ƙona masa rai ko suka fi faranta masa. Ka tambaye shi mutum nawa suka yi magana, kuma a kan me takamaimai, sai a shiga kame-kame. Da irin wannan hujja ake sauya wa shiri lokaci, a ɗauke mai gabatarwa daga kujerarsa, ko kamfani ya janye tallar da ya zuba kuɗi a kanta. Akwai hanyar yin aikin nan da ta fi haka, kuma ba sai da manhaja mai tsada ba. Abin da take buƙata shi ne jadawali a kwamfuta, mutum biyu da suka ji yaren masu sauraro har cikin ƙashinsu, da haƙurin karatu.

Fara da rubuta tambayar

Kafin ka buɗe kowane shafi, rubuta abin da kake so ka sani a jimla ɗaya, sannan ka rubuta a ƙarƙashinta matakin da za a ɗauka idan amsar ta fito haka ko haka. "Me mutane ke cewa a kanmu?" tambaya ce da ba ta da ƙofar fita. Amma "Tun da muka mayar da shirin tattaunawa daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ƙorafi a kan lokacin ya ƙaru ko ya ragu?" tambaya ce da ake iya amsawa. Haka ma mai talla: yana so ya san ko an fahimci saƙon tallar ne, ko ana son kayan, ko kuwa yawan maimaita ta ya fara gundurar jama'a? Abubuwa uku ne daban, kuma kowanne da maganinsa. Idan ba wani mataki da zai sauya ko yaya amsar ta fito, ka huta da kanka, kada ka auna.

Ka san abin da idonka ke gani da wanda ba ya gani

Shekarun baya aikin ya fi sauƙi. A 2013 kamfanin Nielsen, mai auna yawan masu kallo da sauraro, ya fara fitar da ma'aunin yawan maganar da ake yi a Twitter kan shirye-shiryen talabijin na Amurka, kuma masu bincike na iya kwasar saƙonni kyauta. Daga baya ƙofofin suka yi ta rufewa. Bayan badaƙalar Cambridge Analytica a 2018, kamfanin da ya ɗebi bayanan miliyoyin masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, Facebook ya tsananta a kan bayanan da manhajojin waje ke iya ɗiba. A 2021 YouTube ya ɓoye adadin masu danna alamar ƙi, sai mai tasha kaɗai ke ganinsa a YouTube Studio, shafin da yake kula da tasharsa. A 2023 Twitter ya rufe hanyar kwasar bayanai ta kyauta, a shekarar kuma ya koma X. A watan Agustan 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya rufe CrowdTangle, shafin bibiyar abin da ke yawo a Facebook da Instagram, wanda 'yan jarida da yawa suka dogara da shi. WhatsApp kuwa, inda ake yawan gulmar shirye-shirye, saƙonninsa a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, ba mai leƙa maka su.

Ma'anar wannan a aikace ita ce shafukanka na kanka su ne rijiyar da ta fi ba da ruwa: tsokacin da ke ƙarƙashin bidiyonka, saƙonnin da ake aiko wa shiri kai tsaye, da alƙaluman Meta Business Suite (shafin kula da asusunka na Facebook da Instagram) da YouTube Studio. Kamfanoni irin su Brandwatch, Meltwater, Talkwalker da Sprout Social suna sayar da damar jin abin da ake faɗa a wajen shafinka. Kafin ka sa hannu a kwangila da kowannensu, ka tambaye su abu biyu: waɗanne kafofi suke gani gaba ɗaya, waɗanne suke ganin ɓangare kawai, kuma waɗanne harsuna injinsu, wato manhajar da ke karanta tsokaci, ya iya.

Sai kuma babbar gaskiyar da ake yawan mantawa: masu rubutu ba su ne masu sauraro ba, wani yanki ne ƙarami daga cikinsu. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano a 2019 cewa kashi 10 cikin ɗari na baligan Amurkawa masu amfani da Twitter su ke rubuta kashi 80 na saƙonnin da baligan ƙasar ke wallafawa. Tsohon da ke kwance da rediyo a gefen kunnensa shekara talatin bai taɓa rubuta maka kalma ɗaya ba. Ka riƙe shi a rai har ƙarshen aikin.

Kalmomin nema

Idan za ka nemi magana a wajen shafinka, haɗa jerin kalmomi: sunan tasha, sunan shiri, sunan mai gabatarwa da laƙabin da jama'a suka sa masa, sunan kayan da ake talla, da jimlar tallar da ta fi kama baki. Ka rubuta kowanne yadda mutane ke rubuta shi a waya, ba yadda yake a takardar ofis ba. Mai rubuta Hausa a waya ba kasafai yake sa ƙugiya ba, saboda haka "ƙarya" da "karya" duk za su fito a matsayin abu ɗaya, kuma "gaskiya" za ta zo maka a "gsky". Idan sunan shirinka kalma ce ta yau da kullum, kamar "Gaskiya" ko "Duniya", dole ka haɗa ta da sunan tashar, in ba haka ba za ka kwaso shara mai yawa. Gwada jerin, karanta sakamako hamsin na farko, ka ga nawa ne ba su shafe ka ba, ka gyara, ka sake.

Shara da sojojin baka

Zuba komai a jadawali, layi ɗaya ga tsokaci ɗaya: rana, lokaci, kafa, rubutun, da wallafar da aka yi shi a ƙarƙashinta. A Facebook ka tabbata ka zaɓi a nuna maka dukkan tsokaci, domin tsarin da yake buɗewa da shi yana tace wasu. Daga nan ka cire masu tallar kansu, masu "ina gaisuwa daga wuri kaza", da masu kiran sunan abokai kawai.

Sojojin baka su ne suka fi wuyar sha'ani. Alamominsu ba ɓoyayyu ba ne: jimla ɗaya da kuskuren rubutu ɗaya a bakin asusu ashirin, duk cikin minti goma, asusun da aka buɗe makon jiya, asusun da ba ya magana sai a kan abu ɗaya. Kada ka goge su. Ware su a shafi na daban ka ƙirga su da kansu, domin shirya maka taron dangi ma labari ne da ya kamata shugabanni su sani. Abin da ba daidai ba shi ne a cakuɗa su da ra'ayin jama'a. Haka nan ka ƙirga mutane, ba tsokaci kaɗai ba. Mutum ɗaya da ya fusata yana iya rubutu sau talatin a dare guda.

Ɗebo samfuri

Idan tsokacin bai wuce ɗari uku ko huɗu ba, karanta duka. Idan dubbai ne, ɗebo samfuri ta hanyar ƙuri'a: ba wa kowane layi lambar sa'a, wato wadda kwamfuta ta fitar ba bisa wani tsari ba, a Excel ko Google Sheets, jera su bisa lambar, ka ɗauki na sama. Kada ka ɗauki ɗari na farko da shafi ya nuna maka, domin ba sa'a ce ta kawo su nan ba, inji ne ya ɗora su saboda sun jawo cacar baki. Lissafin kuwa sananne ne: samfurin 100 yana iya kauce wa gaskiya da kusan maki 10 sama ko ƙasa, na 400 da kusan maki 5, na 1,000 da kusan maki 3. Ga yawancin aikin mako-mako, 400 ya isa. Amma ka lura, wannan lissafi yana gaya maka yadda samfurin ya wakilci masu tsokaci ne kawai, ba dukkan masu sauraro ba.

Karatu: a nan aikin yake

Kowa ya san rabon gida uku: yabo, suka, da tsaka-tsaki. Rabon yana da amfani, amma shi kaɗai yana iya kai gidan watsa labarai ya baro. Ga dalili. A ce tasharka ta wallafa rahoton ambaliyar ruwa da ta ci rayuka. Ƙarƙashinsa za a cika da salati, da addu'a, da alamar kuka, da zagin hukumomin da ba su gyara magudanan ruwa ba. Inji zai karanta wannan ya ce maka kashi casa'in na jama'a suna cikin ɓacin rai. Gaskiya ne, amma ba da kai suke ba. Rahotonka ma ya yi aikinsa ne. Na taɓa ganin an kira wani edita a wata tasha ana tuhumarsa saboda jadawalin wata manhaja ya yi ja a makon da sashensa ya fi kowane yin aiki mai kyau. Sai da aka zauna aka karanta tsokacin ɗaya bayan ɗaya kafin a gane cewa labarin ne mai ɗaci, ba wanda ya kawo shi ba.

Saboda haka kowane tsokaci yana buƙatar tambaya biyu, kuma ta biyun ta fi ta farko nauyi. Yabo ne ko suka? Sannan, wa ake yabo, wa ake suka? Buɗe rukuni a jadawalinka: mai gabatarwa, baƙon shiri, batun da aka tattauna, ingancin sauti ko hoto, lokacin shiri, yawan talla, tallar kanta, kayan da ake tallatawa, farashinsu, da "wani abu daban". Tsokaci ɗaya na iya faɗawa gida biyu. "Shirin ya yi kyau amma tallanku sun yi yawa wallahi" yabo ne ga shiri, suka ne ga sashen kasuwanci. Idan ka dunƙule shi ka kira shi tsaka-tsaki, ka zubar da bayani biyu masu daraja lokaci guda.

Mai talla ma haka. "Tallar nan ta ba ni dariya" ba ya nufin za a sayi kaya. "Kayanku na da kyau amma ban same su a kasuwa ba" a fuska ƙorafi ne, a ciki kuwa albishir ne ga mai kaya da kuma aiki ga sashen rarrabawa. Tambaya irin "a ina ake samu?" ko "nawa ne?" inji zai jefa ta cikin tsaka-tsaki, alhali ita ce ta fi kowane tsokaci kusa da aljihu. Ka ba ta nata rukunin.

Sai gatse, wanda shi ne kabarin kowace manhaja. "Sannu da ƙoƙari" na iya zama godiya, na iya zama mari. "Kun kyauta" a ƙarƙashin sanarwar cewa an soke shirin da ake so ba godiya ba ce. "Allah ya ƙara basira" ana faɗinta ga wanda ya burge, ana kuma faɗinta ga wanda ake ganin basirar ce ta yi masa ƙaranci. A ɗaya gefen, "mai gabatarwar nan mugu ne" ko "kai, ka kashe mu" sau da yawa yabo ne tsantsa. Ba a gane waɗannan sai an dubi wallafar da ke sama da tsokacin da ya gabata, shi ya sa na ce kada ka raba tsokaci da mahallinsa a jadawali. Inda mutum biyu suka karanta suka kasa yanke hukunci, a rubuta "ba tabbas". Wannan ya fi a tilasta shi shiga gidan da ba nasa ba.

Alamomin fuska ma sai da taka-tsantsan. Tun Fabrairun 2016 da Facebook ya ƙara alamomin zuciya, dariya, mamaki, baƙin ciki da fushi, mutane ke ɗaukarsu kamar ƙuri'a. Amma alamar dariya a ƙarƙashin barkwanci daban take da alamar dariya a ƙarƙashin jawabin shugaban kamfani. Kuma kafar ba 'yar ba-ruwanmu ba ce: takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 Facebook ya riƙa ba wa waɗannan alamomi, har da ta fushi, nauyin da ya ninka na dangwale sau biyar wajen zaɓen abin da zai nuna wa mutane, kafin daga baya ya rage. Wato abin da ya fi tayar da jijiya shi ya fi yawo, kuma shi zai fi cika maka jadawali.

Mutum biyu, doka ɗaya

Rubuta ƙa'idojin rabon a shafi ɗaya, da misalai na gaske uku ko huɗu a ƙarƙashin kowane rukuni. Ba wa mutum biyu tsokaci ɗari iri ɗaya, kowa ya yi nasa ba tare da leƙen ɗan'uwansa ba, sannan a kwatanta. Akwai ma'aunin da Jacob Cohen ya fito da shi a 1960, ana kiransa kappa, wanda ke cire daidaituwar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa: 1 na nufin sun yarda a komai, 0 na nufin kamar ƙuri'a suka jefa. A al'ada, abin da ya haura 0.6 ana ɗaukarsa mai kyau. Idan ba ku kai nan ba, yawanci laifin ƙa'idar ne, ba na masu karatun ba. Ku zauna a kan wuraren saɓani, ku gyara shafin, ku sake gwadawa da sabon ɗari. Abu ɗaya kawai: kada mai gabatar da shiri ko wanda ya tsara talla ya zama cikin masu rabon. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Inda inji ke shigowa

Inji yana da amfani idan tsokaci ya fi ƙarfin hannu. Tsofaffin hanyoyi, irin VADER da aka fitar a 2014, suna aiki da ƙamus ne: kowace kalma da makinta na daɗi ko ɗaci, a tara a fitar da jimla. Don Turanci aka gina shi, ba abin da zai tsinana maka a wani harshe. Sababbin hanyoyin suna koyo ne daga misalan da mutane suka riga suka raba. A nan an samu ci gaba: a 2022 masu bincike sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter da aka raba da hannu a Hausa, Ibo, Yarbanci da Pidgin, sai AfriSenti a 2023 da ya haɗa harsunan Afirka 14. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na zamani ma suna iya rabon idan ka ba su ƙa'idojinka da misalanka.

Ko wanne ka ɗauka, jarrabawar ɗaya ce: ba shi tsokaci 400 ɗin da mutanenka suka riga suka raba, ka ɓoye masa amsar, ka ga inda ya dace da inda ya kauce. Kada adadin dacewa gaba ɗaya ya ruɗe ka. Idan 70 cikin 100 na tsokacin tsaka-tsaki ne, injin da ke cewa "tsaka-tsaki" a kan komai zai ci maki 70 ba tare da ya fahimci kalma ɗaya ba. Abin dubawa shi ne: cikin sukar da mutane suka gano, nawa ya kama? Cikin abin da ya kira suka, nawa ne sukar gaske? Ka maimaita jarrabawar bayan 'yan watanni, domin salon magana a intanet ba ya zama wuri ɗaya.

Lissafi

Ma'aunin da aka fi amfani da shi mai sauƙi ne: yabo a cire suka, a raba da jimlar tsokaci, a ninka da ɗari. A ce cikin 400 akwai yabo 120, suka 80, tsaka-tsaki 200. Sakamakon +10 ne. Yanzu a ce yabo 220, suka 180, babu tsaka-tsaki ko ɗaya. Sakamakon dai +10 ne. Na farko shiri ne da ke tafiya lami lafiya, na biyu gida ne da ya rabu biyu. Don haka kada ka taɓa miƙa lamba ɗaya tilo. Ka nuna ukun tare da yawan mutanen da suka yi magana.

Lambar kuma ba ta da ma'ana sai an jingina ta da wata. Auna makonni huɗu zuwa shida na zaman lafiya tukuna, ka san yadda ruwanka yake kwance, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwatanta shiri da kansa a baya, ko da shiri irinsa. Shirin siyasa kullum zai fi shirin yara shan suka, wannan ba gazawa ba ce. Ga shirin kai-tsaye, jera tsokaci minti-minti ka ɗora a kan jadawalin shirin, za ka ga daidai inda sauti ya yanke, inda baƙo ya yi ɓaram-ɓarama, da inda talla ta huɗu a jere ta ƙure haƙurin mutane. Motsin maki biyu ko uku daga mako zuwa mako kuwa, da samfurin 400, iska ce kawai.

Haɗa baki da aiki

Abin da mutane suka faɗa sai an gwada shi da abin da suka yi. A Satumban 2018 Nike ya fitar da talla da Colin Kaepernick, ɗan wasan Amurka da ya jawo cece-kuce saboda durƙusawa lokacin taken ƙasa don adawa da wariyar launin fata. Intanet ta cika da bidiyon masu ƙona takalma da kiran ƙaurace wa kamfanin, amma rahotannin kwanakin da suka biyo baya sun nuna cinikinsa na intanet ya ƙaru. Masu ihun ba su ne masu sayen ba. A Afrilun 2017 kuwa Pepsi ya janye tallarsa da Kendall Jenner, tauraruwar tallar kayan ƙawa, cikin kwana ɗaya ya nemi afuwa, kuma masu sukar sun haɗa da matasan da tallar ke zawarci. Hayaniya iri ɗaya, hukunci daban, kuma abin da ya raba su shi ne sanin su wa ke magana. Saboda haka ka ajiye sakamakonka kusa da alƙaluman masu kallo, tsawon mintunan da ake kallon bidiyo kafin a fita, kiran waya, da ciniki. Idan duk suka fuskanci alƙibla ɗaya, ɗauki mataki. Idan suka saɓa, kira masu sauraro takwas ko goma ku zauna, ko ka yi ƙaramin binciken jin ra'ayi ta waya, ka haɗa da waɗanda ba sa rubutu.

Rahoton da za ka miƙa kada ya wuce shafi ɗaya: tambayar, yawan tsokaci da yawan mutane, kafofin da aka duba da waɗanda ba a iya dubawa ba, rabon gida uku, manyan dalilai uku na suka da na yabo, misalai kaɗan da kalmomin masu su, sai shawara. Ka cire sunaye da hotuna daga misalan. Ra'ayin jama'a aka sa ka auna, ba ɗaiɗaikun mutane ba, kuma dokokin kare bayanai, irin GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a Mayun 2018 da makamantanta a ƙasashe da dama, sun shafi abin da ka tara ko da a fili aka wallafa shi. Ajiye jadawalin asali inda mutum biyu ko uku kaɗai ke iya buɗewa, ka sa ranar da za a goge shi, sannan ka adana shafin ƙa'idojin da ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe, domin wanda zai yi awon wata mai zuwa ya yi da mudu ɗaya da naka.